Wayar Jitar Yaya Babba

Alhamis, daga shagon Baba Mai-rediyo

Zuwa ga Yaya Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da maigidanki da yara. Ki ce wa Inna na iso da ƙafafuna biyu, ba a sace ni ba, kuma na ci abinci.

Direba Dogo kullum yana zuwa yana komawa, don haka ta hannunsa wasiƙa za ta riƙa zuwa miki. Don Allah kada ki ɗauko jan biro ki hau gyara mini rubutu kamar na 'yan ajinki. Ni a jikin kwalayen rediyo na koyi karatu, kuma har yau babu rediyon da ya kai ƙarata.

Baba Mai-rediyo, abokin maigidana na shagon gyara, ya karɓe ni hannu biyu. Ya shimfiɗa mini tabarma a bayan shago, tsakanin matattun talabijin guda shida. Layin nasu duk masu gyara ne, daga wannan kai har wancan. To amma Yaya, wai masu gyara! A gabana wani ya jefar da cikin rediyo sukutum a kwandon shara, don kawai ƙafar abu ɗaya ta saki dalma. Na ɗauko, na ɗiga masa dalma, ya kama magana. Maimakon ya gode, sai ya ce, "Kai baƙo ne ko?" Na ce, "Ƙwarai, daga garin da ake gyara nake."

Garin nan kuwa ba ya tsayawa ya yi numfashi. Kowa gudu yake kamar ya bar tukunya a wuta. Amma duk bangon da kika duba, fuskar Yaya Babba ce: ga Ogansu mai waƙa da baƙin tabarau a tsakiya, ga yayanmu a damansa rungume da jita. Na tsaya a gaban wata takardar har wuyana ya ƙage. Na ce wa wani da ke jiran mota, "Wannan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya." Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Ni ma mai tabarau ɗin kawuna ne." Allah ya so shi motarsa ta zo.

Jiya na je babban laburaren da maigidana yake ba ni labari. Hawa uku, Yaya, duk littattafai! Tun daga ƙofa nake jin ƙanshin takarda. Sai wata mata a bayan tebur ta ce in kawo katin makaranta. Na ce ba ni da makaranta, ido nake da shi. Ta ce doka ce. Na leƙa ciki, na ga masu katin, rabinsu sun kifa kai a kan tebur suna barci a ƙarƙashin fanka. Na ce mata, "To ki ba ni katin barcin, ni ma in shiga." Ta kira maigadi.

Daga nan na faɗa gidan tarihi don in huce. Can ma na tarar da wani tsohon rediyo a cikin gilashi, an rubuta wai da batir yake aiki, alhali ga wayar wutarsa nan a naɗe a baya, ko makaho ya shafa zai ji. Na nuna wa mai kula da wurin. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana nan ba wanda ya yi ƙorafi. Na ce shekara goma sha ɗaya ke nan ba wanda ya duba.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Na je masaukin 'yan ƙungiyar kiɗan su Yaya Babba. Awa biyu ina zaune a kujerar ƙasa kamar mai neman aiki, sannan Yaya Babba ya sauko. Shekara biyu rabona da shi. Na zaci zai maƙale mini wuya kamar da. Hannu ɗaya ya miƙo mini, ɗayan yana cikin aljihun kwat, a wannan zafin. Ya ce, "Auta, ka girma." Na ce, "Kai kuma ka rame." Na ce mu hau sama ya kaɗa mini ko kaɗan ne in ji, ya ce ya gaji. Ya rataya mini wani kati a wuya, wai da shi zan shiga ko'ina har bayan dandamali, ya ce yana da taro, ya juya. Minti biyar ba su cika ba.

Haka suna yake mai da mutum? Ni da na yi wata uku ina aiki har ranar hutu don maigidana ya ba ni mako guda?

Wasan farko gobe da ƙarfe huɗu, na biyu Lahadi, daga nan su wuce gari na gaba. Zan gani da idona.

Ki gaida kowa. Na bar ki lafiya.

Ƙanenki,
Tartsatsi

*

Asabar da safe

Yaya Malama,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun tashi lafiya. Ni ban tashi lafiya ba.

Bari in fara da gaskiya: wasan ya yi kyau. Ɗakin taron ya fi filin makarantarku girma, kuma ya cika har mutane suna zaune a kan matakala. Da mai ganga ya saki hannu, ba a kunne na ji ba, a ƙirji na ji. Masu ƙaho su uku suna juyawa tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Ogan kuwa, duk da ban so in yabe shi ba, murya gare shi. Wata tsohuwa a gefena ta ajiye sandarta ta tashi tana rawa, jikarta na jan ta tana cewa, "Kaka, ƙafarki!" ita kuma tana cewa, "Ƙafar ta ji kiɗa ta warke." Na manta da fushina, har ihu na yi.

Sai aka zo wurin da Ogan ya ɗaga hannu ya yi kira, "Mai-jita!" Fitila ta sauka a kan Yaya Babba shi kaɗai. Ɗaki ya miƙe tsaye. Ya matso gaba, ya runtse ido, jita ta fara kuka.

Yaya, ba shi ba ne.

Shekara tara ina kwana ɗaki ɗaya da wannan jitar. Na san hannunsa kamar yadda na san tarin Inna. Yayanmu ba ya bin ganga daidai, yana ɗan jinkirtawa a bayanta kamar mai rakiyar da ba ya so a rabu. Wannan da na ji tsaf yake, babu kuskure, babu rai, kamar yaron da ya haddace karatu.

Kin san mai gyara ba fuska yake kallo ba, waya yake bi. Na bi wayar jitarsa da ido: ta sauka ƙasa, ta shige ƙarƙashin darduma, ta ɓulla bayan lasifika. Na ɗaga katina na zagaya. Can gefen dandamali akwai teburin injin sauti, inda duk wayoyin makaɗa suke haɗuwa, kowacce da layinta da lambarta. Wayar Yaya Babba ta zo har gindin teburin. A nan ta mutu. An naɗe bakinta da baƙin salatif, an cusa ta ƙarƙashin ƙafar tebur. Layi na bakwai kuwa an rubuta "Mai-jita" a kansa ɓaro-ɓaro, amma wayar da ke ciki wata ce daban. Na bi ta. Bayan labule ta kai ni. Wani siririn mutum ne zaune a kan akwati, ya ba bango fuska, ya toshe kunne da abin ji, yana kaɗa jita. Abin da dubban mutane suke yi wa tafi daga yatsunsa yake fitowa.

Na koma wurin mai injin, wani ƙato mai kunnuwa kamar na jaki. Na ce, "Malam, wayar yayana ba ta ciki." Bai ko waiwayo ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Ya ce, "Wa ya shigo da wannan?" Na ce, "Wanda kuka kashe wa layi." Sai ga mutum biyu sun ɗauke ni ta hammata, ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba har titi.

Na zauna na yi tunani, kuma na gano su. So suke su kore shi ba tare da an ji a jika ba. Suna saba wa kunnen mutane da hannun siririn nan a hankali, ranar da za su ce yayanmu ya tattara kayansa, babu wanda zai ji bambanci. Fuskarsa suke so a bango, hannunsa sun rufe masa baki. Kin kuma san halinsa. Tun muna yara in an ɗauke masa rabo, murmushi yake yi ya ce ai ya ƙoshi. Shi ya sa ya rame. Shi ya sa ya kasa haɗa ido da ni.

Na koma masaukinsu sau biyu, wai yana hutawa, ba ya ganin kowa.

Ba su karɓe katin ba. Gobe akwai wasa. Shekara shida yana bin su gari-gari, ba za a binne shi da rai ina tsaye da sukudireba a aljihu ba.

Ki ce wa Inna wasan ya yi kyau, ki tsaya a nan. Sai na ji daga gare ki.

Tartsatsi

*

Asabar da yamma

Zuwa ga ƙanena Auta,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙunka biyu sun iso. Na karanta wa Inna ta farko, na tsallake wurin maigadi. Ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka in kana kwana a ƙasa. Ta biyun ban karanta mata ba.

Na tsayar da Direba Dogo a ƙofar gida ina rubuta wannan, don haka ka karanta da kyau, ba irin karatun da kake yi kana shirya amsa ba.

Kada ka taɓa waya. Kada ka taɓa inji. Gobe ka zauna a cikin mutane ka ji kiɗa, in an tashi ka jira yayanka a ƙofa, ko da awa biyar zai yi. In ya fito ka tambaye shi kai da shi, cikin ladabi. In ya ƙi magana, ka bar shi.

Idonka ya ga gaskiya, ban ƙaryata ka ba. Lissafin da ka ɗora a kai ne nake tsoro. Akwai maganar da ba tawa ba ce, ba ni da ikon sa ta a takarda. Iyakar abin da zan iya ce maka ke nan, kuma ya kamata ya ishe ka.

Ka tuna rediyon Baba Tsoho na bayan gidanmu, wanda ka gyara ba a sa ka ba? Ka kwana kana alfahari, alhali matarsa ce ta zare wayar da hannunta don likita ya ce ya riƙa samun barci. Inna ce ta je ba da haƙuri. Kana da shekara goma sha uku a lokacin, an ce yarinta. Yanzu gemu gare ka.

Ban taɓa roƙonka komai ba, Auta. Ina roƙonka wannan.

Allah ya tsare, ya dawo mana da kai lafiya.

Yayarka,
Malama

*

Litinin

Yaya,

Sallama. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Kin sani. Kin sani kika zauna kina ba ni labarin rediyon Baba Tsoho! Layi ɗaya ya isa, kalma biyar, amma kika zaɓi ki yi mini darasi kamar ina aji uku.

Wasiƙarki ta same ni jiya da safe. Na karanta sau biyu, na ce ke ma irinsa ce, a mare ku ku ce an gode. Duk da haka na yi ƙoƙari, Allah shaida ne. Na fita yawo don in huce. Na hau gadar da ke kan layin dogo na ƙirga taragon jirgi. Na shiga wani dogon bene na hau lif har hawa na goma sha biyu, na leƙa garin ta taga, duk ya zama kamar cikin rediyo in an buɗe bayansa. Na ce a raina zan zauna a kujera kamar mutumin kirki.

Na zauna ɗin. Waƙa huɗu ina zaune. Sai wuta ta yi ƙyaftawa, janareta ya fara tari, na hango mai kunnen jaki ya bar tebur ya fita da gudu. Yaya, tebur ba kowa, ga kati a wuyana. Ban san lokacin da na isa ba.

Na zaro wayar, na ɓare salatif, na goge bakin da rigata, na cusa ta a layi na takwas. Ogan ya ɗaga hannu: "Mai-jita!" Fitila ta sauka. Na ja na bakwai ƙasa, na tura na takwas sama.

Bugun farko ya fita, na ce yauwa. Na biyu ya zo da wani ƙara kamar an ja ƙofar kwano. Tsirkiya tana ziza, sauti yana fitowa rabi ya mutu rabi. Kin san abin da na yi? Wayar na zarga. Na girgiza filogi, na danna shi, na ce ko datti ne. Da bai gyaru ba sai na ƙara murya. Ni da hannuna na ƙara, don kowa ya ji da kyau.

Sannan na ɗaga kai na dubi hannunsa na hagu, wanda tun Juma'a ban duba ba don ina bin waya. Yatsa biyu ne suke danna tsirkiya. Sauran ukun tafiya kawai suke yi a kanta, kamar ba nasa ba.

Ya dubi lasifikar da ke gaban ƙafarsa. Ya juyo ya dubi tebur. Ya gan ni.

Bai tsaya ba. Na rantse miki bai tsaya ba. Ya ci gaba da kaɗawa yana kallona, ni kuma ban ja na takwas ƙasa ba. Ɗaki ya yi tsit, sai wani ya tuntsire da dariya daga baya, wani ya yi ihu, "Mai-jita ya sha wani abu!" wata ta ce, "A'a, wannan ba shi ba ne!" Ogan ya yi wa mai ganga alama, ganga ta rufe komai, shi kuma ya faɗo gaban yayanmu yana rawa don ya tare shi. Mai injin ya dawo ya ɗauke ni da mari. Ban rama ba. Ki rubuta wannan a littafinki, an mare ni ban rama ba.

Bayan an tashi Ogan ya sa aka kai ni ɗakin da suke sa kaya. Ya cire tabarau, ashe tsoho ne. Ya ce, "Kai ne ƙanen? Zauna." Na ce a tsaye ma ina ji. Ya ce wata goma sha huɗu da suka wuce suna loda kaya a babbar mota, akwatin lasifika ya zame zai faɗa wa mai ganga a ka, yayanmu ya tare da hannu. Wuyan hannun ya warke, yatsu uku ba su dawo ba. Ya ce, "Ni na sa aka cire wayar. Shi ya roƙe ni in bar shi ya riƙa tsayawa, ko hannun zai tuna. Wancan da ka gani bayan labule, da bakinsa ya ce ya yarda a ɓoye shi. Mutum goma sha ɗaya muka riƙe maganar nan gari ashirin da wani abu, ko matanmu ba su ji ba. Kai kwana huɗu ka yi."

Na ce, "To me ya sa ba wanda ya gaya mini?" Ya ce, "Wane ne kai?"

Mai shirya musu wasanni yana cikin ɗakin taron, ya ji komai da kunnensa, ya kuma leƙa bayan labule. Ya ce ba za a sake yaudarar mutane da sunansa ba, a gari na gaba sai dai a canja takardar bango.

Yaya Babba ya fita ta ƙofar baya, ban gan shi ba.

Yanzu ki gaya mini tun yaushe kika sani. Kuma kada ki ce mini in yi haƙuri.

Tartsatsi

*

Talata

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Inna tana gaishe ka. Har yanzu ba ta san komai ba.

Ba zan ce ka yi haƙuri ba, don ni ma ban yi ba. Na karanta wasiƙarka a ofishin malamai, sai da na fita na bar aji ba kowa.

Tun tuni na sani. Wata biyu bayan abin ya faru ya zo garin nan a ɓoye, ya kwana biyu a gidana, ni na raka shi wurin likitan ƙashi. Kana shagonku a lokacin, tsakaninku bai fi tafiyar minti goma ba. Na ce ya bari in kira ka. Ya ce a'a. Ya sa na yi masa alkawarin yin shiru a kan Inna, sannan ya sa na sake yi a kanka, kai daban. Na ce don me? Ya ce, "Inna za ta yi kuka ta share. Auta kuwa shi kaɗai ya rage da yake kallona kamar yadda nake a da. Ki bar mini shi."

Ka ce layi ɗaya ya isa. Gaskiya ne. Na riƙe biro a kan wannan layin har Direba Dogo ya yi ta danna ham. Na zaɓi alkawarin, na zaci roƙona zai tsayar da kai. Wannan kuskurena ne, zan ɗauke shi. Amma ba ni na ɓare salatif ba. Kowa a gidanmu ya san kana da kai, Auta, ka koya wa kanka abin da wasu suka kasa koya da malami. Abin da ba ka taɓa koya ba shi ne ka ga abu a kashe ka tambayi wanda ya kashe.

Ƙungiyar za ta tashi Alhamis. Kada ka je ka yi ta dukan ƙofarsa, ba zai buɗe ba. Ka iya rubutu, ka rubuta masa. Kuma in ka zo wurin ba da haƙuri, ka ba da shi kawai, kada ka haɗa da bayani.

Allah ya daidaita tsakaninku.

Yayarka,
Malama

*

Laraba

Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa. Zan tura wannan ta ƙarƙashin ƙofa in tafi, ba sai ka buɗe ba.

Ka yafe mini. Yaya Malama ta ce kada in haɗa da bayani, to ga shi nan shi kaɗai: ka yafe mini.

Yanzu na gama nata, saura nawa.

Ka raina ni, Yaya. Ka zaci hannunka nake so? Lokacin da kake koyo, kana kaɗa abin da har kajin maƙwabta suke guduwa, wa yake zama a bakin gado yana cewa sake? Mutum goma sha ɗaya suka sani, har da mai kunnen jaki, ni da muka sha nono ɗaya aka bar ni ina yi wa bango alfahari. Da ka ciro hannun daga aljihu a ranar, da na yi zage-zage, na zagi akwatin, na zagi motar, na zagi wanda ya ƙera ta, sannan in zauna in yi shiru. Na iya shiru. Ba a taɓa gwada ni ba ne.

Kuma me ya sa ba ka tsaya ba? Kwana uku ke nan wannan tambayar ta hana ni cin abinci. Kana iya ɗaga hannu, kowa zai ce inji ne ya lalace. Me ya sa ka ci gaba?

Yau na ga masu liƙa takarda a kusa da tasha, da bokiti da buroshi, suna rufe takardarku da tallar sabulu. Na ce su bar gefen dama, inda hotonka yake. Suka ce aikinsu ne. Ban yi faɗa ba, na tsaya har suka gama.

Abu na ƙarshe, in ka ga dama ka yaga. Na zana maka a bayan takardar nan. Hannunka na dama lafiyarsa lau, yatsu biyar. In aka juya tsirkiyoyin, ta sama ta koma ƙasa, dama za ta riƙa dannawa, hagu kuma bugu kawai za ta yi, yatsa biyu sun isa. Sai an sake yanka gurbin tsirkiya, aikin awa ɗaya ne, na tambayi wani kafinta a layinmu. Koyon ne zai ɗauki shekara, ko biyu, kamar yaro. Na san ba ka sa ni ba. Shi ya sa wannan karon a takarda na yi.

Ina shagon Baba Mai-rediyo har gobe da rana.

Ƙanenka,
Auta

*

Laraba da yamma

Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu.

Ban tsaya ba don wata goma sha huɗu ban ji kaina ba. Kullum ina ce wa raina hannun yana dawowa. Na so in ji har ƙarshe. Na ji.

Oga ya ce in bi su in riƙa kula da kaya. Na gode masa, na ce a'a. Na ce a sa sunan mutumin bayan labule a takarda, ya daɗe a kan akwati.

Ban yafe ba tukuna. Kada ka tambaye ni yaushe.

Gobe ƙarfe bakwai ka zo masauki, akwati biyu ne da jita, hannu ɗaya ba zai iya ba. Motar Dogo za mu bi. Ni zan gaya wa Inna, ba kai ba.

Na ga zanen. Jitar za ta kwana a ɗakinka, amma kada ka taɓa tsirkiya ko ɗaya sai na ce.

Yayanka